Littafi na Biyu Yana Wajena

Ɗiyar ƙanena malamar firamare ce a nan Tambuwal. Ranar Talata ta biyo gaishe ni, ta tarar da ni a zaure ina shari'a da ƙudaje, sai ta ce, "Baba, ga dogon hutu ya zo. Tunda an ce kai ne ka riƙe ɗakin karatu zamanin da, wane littafi za ka ce in karanta?"

Na san tsokana ce. Amma ni ba a tsokanata da tambayar aikina. Na gyara zama, na gyara hula, na shiga gyaran murya. Kafin in gama gyaran muryar, mai babur ɗin da ya kawo ta ya gaji da jira, ta ce sai ta dawo. Shi ya sa na ɗauko alƙalami, tunda takarda ba ta da mai babur a waje.

Ya kamata a san wanda ke magana. Karatuna na boko ya tsaya a elementare aji uku da rabi. Rabin shi ne watannin da na yi a aji huɗu kafin mahaifina ya ga cewa gero ya fi Turawa bukatata. Da En'e, wato hukumar gargajiya ta wancan zamani, ta gina ɗakin karatu a Tambuwal, aka shiga neman wanda ya iya karatu daidai yadda zai gane sama da ƙasan littafi, amma bai iya sosai ba har ya fara hangen kujerar akawu. Duk garin ni kaɗai na cika sharuɗɗan nan biyu.

Ɗaki ne guda na ƙasa mai rufin kwano. Benci biyu, tebur, akwatin rediyo mai batir kamar na mota, sai kabad ɗin littattafai. Aikina shara, kunna rediyo da yamma, da yaƙi da gara. Littattafan Hausa na karance su kaf, don ba su da yawa kuma ba su da kauri. Na Turanci kuwa gaisawa kawai muke yi da su. Na san fuskar kowane, na san nauyinsa da warinsa, amma ba mu taɓa zama mun yi hira ba.

Idan damina ta faɗi aka rufe makarantu, malaman ƙauyuka kan shigo Tambuwal su kai rahoto, daga nan su biyo wajena aron abin da za su karanta a hutu. Na Dogon Daji, na Jabo, har na nesa. Su zo da kekunansu da fararen rigunansu, su tsaya gaban kabad suna kallo kamar masu zaɓen rago, daga ƙarshe su juyo su tambaye ni wanne ya fi. Ni kuwa ban taɓa cewa ban sani ba. Wanda na san yana da gona, in ba shi siriri, don da ya dawo daga noma shafi biyu zai yi barci ya kwashe shi. Gwauro in ba shi mai kauri. Hedimasta in ba shi mai hotuna, don hedimasta ba karatu yake so ba, so yake a gan shi da littafi. Mai sabuwar amarya ba na ba shi komai, ina ce masa ya dawo baɗi.

To amma malami kan tambaya me littafin ya ƙunsa. A nan ne na ƙirƙiro doka. Na ce En'e ta yi umarni, duk wanda ya dawo da littafi sai ya zauna ya ba mai ɗakin karatu labarin abin da ke ciki, don a tabbatar ya karanta, ba matashin kai ya yi da shi ba. In bai bayar ba, babu wani aron. En'e ba ta san da wannan doka ba, kuma ban ga dalilin ɗaga mata hankali ba. Da haka na san cikin littattafan Turanci da yawa ba tare da na buɗe su ba. Abin da na Jabo ya faɗa mini bana, shi nake faɗa wa na Dogon Daji baɗi, da kaɗa kai irin na wanda ya sha wuya a kansa.

Yawancinsu ha'intata suke yi. Su ce labarin wani ne ya yi tafiya ya dawo, shi ke nan, su miƙa hannu. Mutum ɗaya ne ya ɗauki dokar da gaske.

Malami ne a Kebbe, Bagobiri, daga can nesa aka turo shi. Dogo ne siriri, mai zane a fuska, kullum aljihunsa da guntun alli da ya manta. Ba shi da kowa a wannan yanki. Ni ma a lokacin gidana shiru ne. Matata ta rasu shekara guda kafin nan, Allah bai bar mana ɗa ko ɗaya ba. In na rufe ɗakin karatu na koma gida, sai in tarar da tabarma yadda na bar ta, buta yadda na bar ta. Mutane na gaishe ni, ba na musu. Amma gaisuwa daban, zama daban.

Shi malamin Kebbe in ya dawo da littafi sai ya jingine kekensa, ya ce in fito da benci ƙarƙashin tsamiya. Ya fasa goro ya ba ni rabi. Sa'an nan ya soma tun daga shafin farko. Ya yi muryar tsoho, ya yi muryar mace, in doki ya shigo labarin ya yi haniniya. In aka zo wurin da wani ya yi wauta sai ya tsaya ya tambaye ni, da ni ne me zan yi. In faɗa, ya ce ai shi ya sa ba a rubuta littafi a kaina ba. Daga azahar har la'asar ta wuce muna nan. Sarkin Kabad yake kirana. Ni kuma ina kiransa Malam kawai, amma da wata irin murya da shi ya san ba girmamawa ce zalla ba.

Na tabbata tun zuwansa na biyu ya gane dokar tawa ce. Bai taɓa faɗa ba. Abin da yakan yi, in ya gama ba ni labari, sai ya ce, "To, Sarkin Kabad, na ci jarrabawa?" Ni kuma in shafa gemu kamar mai nazari, in ce ya ci amma da kyar.

Shekarar mulkin kai, abubuwa suka soma motsi. Kullum rediyo maganar Kaduna yake. Turawa na ɗaure kaya, ana neman 'yan Arewa masu ilmi su hau kujerunsu, kuma ba inda za a samo su sai cikin aji. Malami ya kwana yana koyar da ƙidaya, ya tashi an ce ya zama wani abu a ofis. Na Dogon Daji ya tafi haka. Duk wanda ya tafi kuwa ba ya sake biyowa ta ɗakin karatun Tambuwal. Na dubi malamin Kebbe na ga irin wanda ake nema ne.

A daidai lokacin wani Bature da zai koma ƙasarsu ya aiko mana da akwatin littattafansa, don sun yi masa nauyi. A ciki akwai wani labari mai tsawo da aka raba gida biyu, na ɗaya da na biyu, masu koren bango, kamar wa da ƙane an ɗinka musu riga iri ɗaya. Na jera su a kabad. Da safen ranar da malamai za su zo, na tsaya ina kallonsu, sai dabara ta zo mini. Na zare na biyun, na naɗe shi a tsumma, na kai gida na sa a cikin tukunyar da matata ke ajiye daddawa a da.

Lissafina shi ne, in na ba shi duka biyun, sai ƙarshen hutu zan gan shi, in ma an bar shi ya kai ƙarshen hutun. In na ba shi rabi, labarin zai kama shi a wuya, ya dawo tsakiyar hutu neman sauran. Zama biyu ke nan ƙarƙashin tsamiya maimakon ɗaya. Ban ga laifin wannan lissafi ba a lokacin. Har na yaba wa kaina.

Ya zo, ya ce bana ba zai tafi gida ba, hanya ta yi nisa, kuma mai gidan da yake zaune ya ba shi 'yar gona ya shuka dawa. Yana son littafin da zai cinye damina. Na ɗauko koren na ɗora masa a hannu, na ce wannan ban taɓa ganin irinsa ba, abin da kuma gaskiya ne. Ya juya shi, ya duba bayansa, ya dubi kabad.

"Na biyun fa?"

"Shina Sakkwato," na ce. "An riƙe shi a yi mishi hatimi. Nan da mako biyu shina nan."

Ya sake duban kabad ɗin, ya dube ni, ya ce to. Ya ɗaure littafin a bayan keke ya tafi.

Mako biyu suka cika. Na share ƙarƙashin tsamiya, na sayi goro. Bai zo ba. Ruwa kuwa a shekarar kamar an buɗe bakin tulu. Tsakanin Tambuwal da Kebbe akwai rafin da in rani ne yashi ne zalla, jaki ma ba ya lura ya ƙetare shi. Da damina sai ya cika ya haɗe da fadama, hanya ta ɓace. Ni na san da wannan, a nan aka haife ni. Amma da nake lissafina ban sa ruwa a ciki ba.

Ran kasuwa wani mai sayar da busasshen kifi daga wajen Kebbe ya kawo mini 'yar takarda da ta jiƙe ta bushe. Malam ne. Ya ce ya gama na ɗayan tun tuni, kuma marubucin mugu ne, ya bar shi da mutum tsaye a ƙofar wani gida ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa. Ya ce keke ba ya ƙetare ruwan, shi kuma bai iya iyo ba. In na biyun ya iso daga Sakkwato, in ba mai kifin nan ya kawo masa.

Mai kifin yana tsaye yana jira. Tukunyar daddawa ba ta fi taku ɗari daga inda muke ba. Na ce masa bai iso ba tukuna.

Na gaya wa kaina mai kifi zai sa wa littafin En'e ƙarni. Na gaya wa kaina mutumin da aka bari da hannu a sama a bakin ƙofa zai sa Malam ya koyi iyo. Mako ya zagayo, mai kifi ya sake zuwa, na sake cewa bai iso ba. Goron da na saya ya bushe a aljihuna. Da yamma in kunna rediyo mutane su taru su ji labarin Kaduna, su watse, in kashe, in rufe, in koma gida in tarar da tukunya tana kallona.

A mako na uku mai kifin bai tambaye ni komai ba. Ya dai gaishe ni ya wuce. Wannan ya fi damuna fiye da tambayar. Washegari na roƙi wani dattijo ya riƙe mini makulli, na ce zan je gaisuwar rasuwa. Na naɗe littafin cikin fatar akuya, na ɗaure da igiya, na kama hanya da ƙafa.

Ba zan cika ku da labarin tafiyar ba, don duk wanda ya taɓa taka laka ya san ta. Takalmina ɗaya yana can har yau. A bakin ruwa na sami masu fito da manyan ƙorai. Suka sa tufafina da ƙunshin fatar a cikin masaki, suka ce in rungumi wani in riƙa harba ƙafa kamar kwaɗo. Ɗayansu ya tambaye ni abin da ke cikin fatar da nake ta kallonta haka, ko laya ce. Na ce ta fi laya, takardar gwamnati ce. Ya ƙara riƙe ta da kyau. Na sha ruwan rafin nan daidai gwargwado, amma littafin ko ɗigo bai taɓa shi ba. Na kwana a wani ƙauye, na shiga Kebbe da hantsi.

Aka nuna mini gidan. Mai gidan tsoho ne, yana zaune yana gyaran ƙotar fartanya. Na yi sallama, muka gaisa, na ce malamin makaranta nake nema. Ya dube ni tun daga hula har ƙafata mai takalmi ɗaya.

"Kai ne na Tambuwal, mai kabad?"

Na ce ni ne.

"Kwana fuɗu ke nan da yat tafi."

Ya ce ɗan saƙo ne ya zo a kan doki da takarda, ana neman Malam a Kaduna da gaggawa. Da yake hanyar Tambuwal ta yanke, sai suka bi ta gabas. Ya kai ni ɗakin. Gadon kara, ƙusa a bango inda yake rataye riga, guntun alli a bakin taga. Ta tagar ana hango dawarsa, ta kai ƙugu, ta yi kore shar. Na duba ko ya bar littafin. Bai bari ba.

Tsohon ya ce Malam ya bar mini saƙo, ya sa shi ya maimaita har sau biyu don kada ya ɓata. Ya ce a gaya wa Sarkin Kabad bai karya doka ba. Ba a mayar da littafi sai an ba da labari, shi kuma ba ya ba da rabin labari, saboda haka ya tafi da na ɗayan. A ajiye masa na biyun, zai zo.

Na ce ai ga shi ma na kawo, jiya jiya ya iso daga Sakkwato.

Tsohon ya ci gaba da fiƙe ƙotarsa. Ya ce, "Ya ce haka za ka ce. Ya ce littafin bai taɓa zuwa Sakkwato ba. Ranar da ka ba shi na farin, ya ga gurbin guda biyu a kabad." Ya busa ƙotar, ya ƙara da cewa duk ranar da mai kifi zai dawo, Malam kan je bakin ruwa ya zauna tun hantsi. Ba mai kifin yake dubawa ba, cewa yake ni zan taho da kaina.

Aka kawo mini fura. Na sha don kada a ce na raina. Na kwana ɗaya a ɗakin, na juyo da ƙunshina yadda na je da shi.

Bayan wata biyu wasiƙa ta zo daga Kaduna. Ya ce an ba shi tebur da tarho, ba ya da alli, ba ya da tsamiya. Ya rubuta adireshinsa a sama da manyan baƙaƙe, ya ja layi a ƙarƙashi. Bai ce in aiko da littafin ba, amma ni ba yaro ba ne, na san abin da layin yake nufi. Gidan waya kuwa ba nisa. Na ba shi amsa, na ba shi labarin gari, na ce dawarsa an girbe, na ce littafinsa na nan lafiya yana jiransa. Ban aika ba. Na ce a raina, in na aika, me kuma zai kawo shi Tambuwal?

Wato abin da na yi da damina, shi na sake yi da kaka, da idona biyu. Wanda ya ce rabin ilmi ne ya jawo mini, bai yi mini adalci ba. Ko digiri gare ni haka zan yi.

Wasiƙa ta biyu ta zo gajera. Ta uku ba ta zo ba. Aka yi ta sauye-sauye, aka raba Jihar Arewa, na ji an mayar da shi wani gari, daga nan wani. Wasiƙata ta ƙarshe dawo mini da ita aka yi. Bayan shekaru wani malami da ya yi ritaya ya ce mini ya ji rasuwarsa, amma bai tabbatar ba. Ni ma ban bincika ba. An ce in ajiye, na ajiye.

Da aka rufe ɗakin karatun aka kwashe kabad, ba wanda ya tambayi koren littafi, don bai taɓa kwana a kabad ɗin ba tun ranar. Na sake aure, na sake zama ni kaɗai. A zaman kaɗaicin na biyu ne na ce bari in ga abin da na hana bawan Allah. Na samo ƙamus, na soma. Damina uku na yi ina fama. Wata rana shafi guda, wata rana layi huɗu kaina ya yi zafi. Wannan shi ne littafin Turanci kaɗai da na karanta da idona tun daga farko har ƙarshe, kuma farkonsa tsakiya ne.

An buɗe ƙofar nan da mutumin cikin labarin ya tsaya zai ƙwanƙwasa. Wannan zan iya shaida wa Malam. Mutumin ɗingishi yake yi, ban san abin da ya sami ƙafarsa ba. Wata tsohuwa ce ta buɗe, ta gan shi, ta koma ciki abinta. Ya zauna a garin, gari mai sanyi da tumaki, yana gyara mata katanga, yana ɗebo mata itace, ita kuwa ba ta yi masa magana har kusan ƙarshen littafin. Me ya yi mata? Yana cikin na ɗaya. A shafi na kusa da ƙarshe ta buɗe akwati ta ɗauko wata tsohuwar hula ta ba shi. Ya karɓa ya fashe da kuka. Ita ma ta yi kuka. Maƙwabta suka ji suka yi kuka. Ni ma na ɗan taya su, don ba kyau a yi kuka a gabanka kana zaune. Amma hular wa ce? Shekarun nan duka ina juya maganar. Wani lokaci in ce ta ɗanta ce, wani lokaci in ce ta mijinta. Shi Malam ya san mai hular, bai san an bayar ba. Ni na san an bayar, ban san mai ita ba.

To, ɗiyata, ga shawarar mai ɗakin karatu. Siriri ko mai kauri, wannan ya danganta da yawan aikin gidanki, kin fi ni sani. Masu hotuna ki bar wa hedimasta. In kuma kina son wanda zai cinye hutun, akwai wani mai koren bango a nan zaure, na fitar da shi daga tukunya na kakkaɓe. Yana ɗan warin daddawa, amma gara ba ta taɓa shi ba. Ku da kuka yi karatu mai zurfi wataƙila ki gane mai hular daga wata kalma da ta wuce ni.

Sai dai dokar En'e tana nan ba a soke ta ba. In kin gama, ki zo ki zauna ki ba ni labarin tun daga shafin farko, kuma ki sallami mai babur ɗin tukuna. Tsamiyar an sare ta, amma akwai benci.

Ran Juma'a ake rufe makarantu. Na aika a sayo goro.